Labaran Ƙarfe Bakwai da Tsakar Rana

Lahadi, ƙarfe ɗaya na rana

Mijina Sitali ya gama haɗa tsohuwar kwamfutata da talabijin ɗin falo. Yanzu tashoshin Japan suna zuwa Lusaka kai tsaye, har da tallar maganin ciwon baya. Ya tsaya gefe ya riƙe ƙugu, kai ka ce shi ya ƙera intanet.

Mako biyu ke nan da zuwan Mama daga Japan. Na kai ta kasuwa, na kai ta ta ga giwaye, na nuna mata ofishina a jami'a. Duk ta ce "da kyau", irin da kyau ɗin da take ce wa girkin maƙwabta. Yau da mai karanta labarai ya sunkuyar da kai ya yi gaisuwa, sai ta gyara zama ta sunkuya masa ita ma. Tun saukarta daga jirgi ban ga ta gaida wani da zuciya ɗaya haka ba, har mijina.

Sun riga mu da awa bakwai. Labaran ƙarfe bakwai na darensu da sha biyun rana suke iske mu, muna kan tuwon masara.

"Tambaye ta ko hoton ya fito ras," in ji Sitali.

Na tambaya.

"Ce masa mutumin ya yi ƙiba," in ji Mama. "A gida bai kai haka ba."

Allonmu ne ya fi nata faɗi. Na ce wa Sitali ta ce ta gode.

Talata, da hantsi

Mama ta koma agogon Japan. Kafin gari ya waye ta tashi ta kalli wasan kwaikwayon da take bi, da tsakar rana ta ci abincin dare, da la'asar ta fara hamma. Jikinta ne kawai a gidana.

Ta kira Baba. Ana ruwa a can. A nan sanyi ne da rani, ciyawar tsakar gida ta zama kamar tsintsiya. Ina jin muryarsa daga teburin da nake gyaran takardun jarrabawa, don shi waya a wurinsa abu ne da ake yi wa ihu.

"Kana cin abinci kuwa?"

"A'a, iska nake sha."

"Ka fitar da shara jiya?"

"Daga Afirka kike tambayata shara?"

Tare muka gayyace su. Ya ce wa zai buɗe wa shinkafarsa ruwa, wa zai rufe. Shekararsa tamanin da ɗaya, har yanzu gani yake in ya juya baya gonar nan guduwa za ta yi.

Alhamis, bayan labarai

Sun sa taswira a allo, kowane yanki da launinsa gwargwadon ruwan da ya sha. Kwarinmu jiya rawaya ne, da safe ja, yanzu wani launi mai duhu da ban san suna da shi a ajiye ba. Mai karanta labarai ya daina murmushi. Yana ta maimaita cewa kowa ya bar gida ya tafi makarantar firamare mafi kusa, kada a tsaya kwasar kaya.

Mama ta kira Baba.

"An ce ku tafi makaranta."

"Na gama makaranta tun kafin ki san ni."

"Babansu, ba wasa nake ba."

"Gidan nan ya ga ruwan da ya fi wannan. Da safe zan leƙa magudanar gona, in ya so sai in wuce."

"Ka ɗauki maganinka."

"To, shugaba."

Ta ajiye ta ce min, "Babanki ke nan," ta ci gaba da ninke tsummokan kicin ɗina, waɗanda ban taɓa sanin ana ninkewa ba.

Yayana Hironobu ya kira daga Osaka. Shi ma ya yi wa Baba magana, an ce masa ya ji da aikin ofishinsa.

Juma'a, sha ɗaya da wani abu

An ɗauke wuta tun asuba, ranar unguwarmu ce. Da aka kawo, da'irar nan ta jiran intanet ta yi ta juyawa a tsakiyar allo, sannan hoto ya zo daga jirgi mai saukar ungulu. Tudu ne kore, da wani faffaɗan layi ruwan ƙasa daga samansa har gindinsa, kamar an ja yatsa a kan fentin da bai bushe ba. Na san tudun. Ta tagar ɗakina na yi ta kallonsa har na gama sakandare.

Mama ta matsa kusa da allo.

"Wannan shuɗin rufin na su Kuwahara ne. Ga rumbunsu. Ga gada. Ga itacen bakin gada."

Ta kira duk abin da yake cikin hoton ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ta koma ta zauna.

Wayar gida ba ta shiga. Ta hannun Baba wata mata ce take amsawa cikin ladabi, tana cewa ko a kashe take, ko ba ta inda sabis yake.

Asabar, da safe

Waya ba ta shiga.

Asabar, da yamma

Na gama gyaran takardun 'yan shekarar farko. Ban taɓa ba da maki hannu sake haka ba. Wani ya rubuta cewa gishiri ƙarfe ne, na ba shi rabi.

Matar nan mai ladabi har yanzu tana bakinta.

Lahadi, sha biyu da rabi

Sunan Baba ya fito a ƙasan allo tare da na wasu, da shekarunsa a gefe. Nagatomo Teruaki. Mama ta ce bai taɓa fitowa a talabijin ba sai yau, ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Sitali ya tambayi abin da aka rubuta a saman sunayen. Na yi masa bayani kamar ina aji. A wurinmu mutum ba ya ɓata haka kawai, hawa-hawa ne. Da farko yana cikin waɗanda ba a ji ɗuriyarsu ba. Wannan yana iya zama tsohon da ya tafi gidan 'yarsa bai gaya wa kowa ba. In hukuma ta gamsu cewa abin ya rutsa da shi, sai ta ɗaga shi zuwa waɗanda suka ɓata. Kowace kalma akwai ofishin da yake ba da izinin faɗarta.

"To shi yana wanne?"

"Na farko."

"Madalla," in ji shi, kamar an ce Baba ya ci jarrabawa.

Na lura ina jin daɗin yin bayanin. Muddin ina bayani, maganar kalmomi ce.

Litinin, la'asar

Namakau, ƙanwar Sitali, ta zo da kaza a ɗaure da Littafi Mai Tsarki a hammata. Ta durƙusa gaban Mama ta tafa hannu yadda suke gaida manya, ta kira ta Bo-Ma, wato Mama a yarensu, sannan ta yi mata magana da Turanci, da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, don a ganinta rashin jin yare wani nau'in kurumta ne.

"Bo-Ma! Ubangiji! Yana! Gani!"

Mama ta dube ni. "Me na yi mata?"

"Jaje take miki."

"Ce mata ta yi haƙuri, mun ɗaga mata hankali har ta baro aikinta."

Na fassara daidai. Namakau ta ja ni kicin ta tura ƙofa.

"Matar yaya, ku wane irin mutane ne? Mijinta ne ba a gani ba, ni take ba haƙuri? Ke ma ko ɗigon hawaye babu. Ko sai an yanka muku albasa?"

"Muna jiran izini daga hukuma."

"Ji ta! Boko ya cinye ki. Ina wuƙa?"

Kazar dai ta riga kowa a gidan sanin matsayinta.

Mun ci. Mama ta yaba miyar, kuma wannan karon ba irin na maƙwabta ba ne.

Talata, ƙarfe goma

Na samo jirgi na jibi. Mama ta ce a'a.

"Kwana ɗaya da rabi a sama, ba talabijin, ba waya. In an faɗi wani abu fa?"

"Hironobu yana can, Mama. A makarantar yake kwana."

"Hironobu ko safarsa ba ya iya nemowa."

Ban ja ba. Hanyar kwarin ma a rufe take, ko mun je a ɗakin wasannin makaranta za mu zauna mu kalli talabijin, sai dai ƙarami.

Sitali ya aro janareta wurin maƙwabcinmu. Yanzu muna kallon ruwan Japan cikin ƙarar inji da warin fetur. Shi ma yana zama ya kalla, bai san abin da ake cewa ba, amma yana gyaɗa kai a wuraren da suka dace. Ban san yadda yake yi ba.

Talata, bayan labarai

Kai tsayen namu ashe ba kai tsaye ba ne. Saƙon Hironobu yana riga mai labarai isowa. Sai ya rubuto, "Za su nuna gada yanzu," mu kuma mu zauna muna jiran gada. Na karanta wa Mama sau biyu, a na uku ta ce in bari.

"In gaskiya ne za su faɗa a labarai."

Duk manomin kwarin irin mota ɗaya gare shi, farar ƙaramar a-kori-kura. Duk wadda aka nuna a kife cikin laka sai Mama ta ce, "Ba tasa ba ce." Ban tambaye ta yadda take ganewa ba.

Ba a yi ko gajimare a Lusaka ba. Na shanya wanki, kafin in gama matse na ƙarshe na farko ya bushe.

Laraba, ƙarfe ɗaya

An samu tsofaffi biyar da ransu a ɗakin ibada na kan tudu. Tun Juma'a suke can, hanya ta yanke, suna cin wainar shinkafar da mutane suka ajiye wa kakanni. An nuna ana zaro su da igiya zuwa cikin jirgi ɗaya bayan ɗaya, kamar ana jan guga. Namakau tana nan, ta rangaɗa guɗa har karen maƙwabta ya amsa. Sitali ya matsa yana duba fuskoki, shi da sau uku kacal ya taɓa ganin Baba.

Mama ta san su duka. Ta kira sunayensu. Biyar ne.

An miƙa wa tsohuwa Kuwahara abin magana, tana lulluɓe da bargo. Ta ce da sassafen Juma'a ta hango motar Teruaki ta nufi wajen magudana, ta ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga.

"Ta fito a talabijin ko kai ba ta taje ba," in ji Mama.

Kafin a gama labaran an ɗaga shi zuwa mataki na biyu. Sitali bai tambaya ba, ni ma ban yi aji ba.

Laraba, da yamma

Na kira lambar. Ban san dalili ba. Matar ta gaishe ni.

Alhamis, ƙarfe ɗaya saura

Labari na farko ne. Masu aikin ceto sun ja shuɗin tamfol sun kewaye wani wuri, sun ba kyamara baya. Biyu daga cikinsu sun haɗa tafin hannu sun sunkuyar da kai. Mai labarai ya ce da safiyar yau an gano namiji ɗaya kusa da magudanar gona, cikin halin shinpai teishi, an kai shi asibiti, ana ƙoƙarin tantance ko wane ne.

Sitali kwanan nan ya koyi kara wayarsa a bakin talabijin ta fassara masa. Ya karanta a hankali, yana bin rubutun da yatsa.

"Zuciya da huhu sun tsaya. An kai shi asibiti." Ya ɗago. "Asibiti! Chizuru, asibiti suka kai shi! Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

Kuma haka ya ce. Wayar ba ta yi kuskure ko na harafi ɗaya ba. A labaranmu ba a cewa komai ya ƙare sai likita ya duba ya sa hannu. Kafin nan, ko kwana nawa mutum ya yi a cikin laka, zuciyarsa ce kawai ta tsaya, da numfashinsa. Duk yaron Japan ya san abin da ake nufi ba tare da an koya masa ba. Wayar Sitali ba a can ta girma ba.

"Ai ana tayar da zuciya," in ji shi. "Ana danna ƙirji, ana sa na'ura. Kuma Japan ce fa, ba nan ba. Jiya-jiya ba mutum biyar suka fitar ba?" Ya durƙusa gaban Mama ya riƙe hannayenta biyu. "Bo-Ma, asibiti!"

Mama ta bar masa hannun. Ta tambaye ni, "Murnar me yake?"

"Ya ji an ce asibiti."

Ta daɗe tana kallon tsakiyar kansa, inda gashi ya fara guduwa.

"Mutumin kirki ne," ta ce. "Bar shi ya ci abincin rana tukuna."

Ya ci. Har ya ƙara.

Alhamis, la'asar

Hironobu ya rubuto. "Shi ne. Da takalman gona a ƙafarsa. Maganinsa yana aljihun gaba."

Na tuna an hana ni karantawa, sai na ajiye wayar a kan tebur, fuskarta sama. Mama ta gama goge kofin da ke hannunta, ta sa tabarau, ta ɗauka. Ta jima a kan layi uku.

"Ya ɗauki maganin," ta ce.

Ta cire tabarau ta mayar gidansa.

Alhamis, kafin faɗuwar rana

Sitali da Namakau suna tsakar gida, kowa da waya a kunne. An shirya addu'a a cocinsu gobe da safe. Ta taga ina jin Namakau tana ba wata labarin wani mutum a Mongu da ya yi atishawa a ɗakin ajiye gawa, mai gadi ya gudu har yau ba a gan shi ba. Na taɓa jin labarin, a wancan karon a Kabwe ne.

Na fita da niyyar gaya wa Sitali gaskiya. Ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya dube ni, fuskarsa a sake, rabon da in gan ta haka mako guda. Na tambaye shi ko akwai sauran fetur a janareta.

Akwai.

Juma'a, da hantsi

Mama ta zo da shinkafa a akwatinta, ta gonar Baba, noman bara. Ta ce sai ranar da za ta koma za mu ci. Yau da safe na tarar ta buɗe ta. Ta auni kofi ɗaya, ta wanke, ta dafa a ƙaramar tukunya. Ta juye duka a kwano ɗaya, ta tula, ta shafe saman da cokali har ya yi sumul, ba ta bar ko ƙwaya a tukunyar ba. Ta ajiye a ƙaramin teburin da ke gefen talabijin. Sannan ta ɗauko tsinkayen cin abinci ta soke su a tsakiyar shinkafar, a tsaye.

Ba ta jira labarai ba.

Sitali ya shigo cikin kwat ɗinsa ta Lahadi, Namakau tana biye da shi cikin farar rigar matan coci, sun zo ɗaukarmu. Yana cewa, "Ku yi sauri, Fasto ya ce—" sai ya ga teburin.

Ranar da ya fara cin abinci a gidanmu na Japan, tun kafin aure, ya soke tsinkayensa haka a shinkafa don ya ɗauki ruwa. Baba ya miƙa hannu ya zare su ya kwantar a gefen kwano. A hanyar tasha na yi masa bayani cewa mamaci kaɗai ake yi wa haka. Japanancin Sitali bai wuce kalma goma ba, rabinsu sunan abinci ne. Wannan dai bai manta ba.

Ya tsaya riƙe da makullin mota.

"Tun yaushe?"

"Tun labaran jiya."

"Amma sun ce asibiti."

"Kullum haka suke cewa."

"Kika bar ni ina ta kiran mutane."

"Mama ta ce ka ci abinci tukuna."

"Na ci, Chizuru. Na ci na rana, na ci na dare, na karya." Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi min sauƙi. "Faɗa min da bakinki. Kwanon nan ba matata ba ce."

Namakau tana duban sa tana duban ni. "Yaya, me ake ciki? Shinkafar me ce wannan?"

Na faɗa. Da Turanci na faɗa, don da harshenmu ban iya ba tukuna. Gajeriyar jimla ce, ɗaliban shekarar farko ma za su iya ta.

Sitali ya ajiye makullin, ya durƙusa gaban teburin cikin kwat ɗinsa, ya tafa hannu a hankali.

Namakau kuwa jakarta ta saki ta zube ƙasa daɓas. Ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka tun daga cikin cikinta, tana kiran mutumin da ba ta taɓa gani ba, ba ta ma iya faɗin sunansa daidai. Babanmu ya tafi, babanmu ya bar mu, wa zai shayar da gonarsa. Tagogi a buɗe suke. A allo wata yarinya tana tallar man wanke kai.

Na yunƙura zan je wurinta. Mama ta kama min wuyan hannu.

"Ina za ki?"

"Maƙwabta, Mama. In ce ta yi a hankali."

"Ƙyale ta."

Ta dafa kujera ta sauko, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ta zauna a ƙasa kusa da Namakau, kafaɗa da kafaɗa. Ta kama gefen farar rigar ta riƙe.

"Ce mata kada ta tsaya," in ji ta.